"Under the weather": me yake nufi, kuma wa ake faɗa wa?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Malamai, don Allah a warware mana wata gardama. Wani malami ɗan Ingila da ke duba aikin bincikenmu ta intanet ya aiko da saƙo yau da safe, ya ce: "I'm a bit under the weather today, can we move our meeting to Thursday?" Rukuninmu ya rabu biyu. Wasu sun ce yanayin garinsu ne ya ɓaci, ruwa ko ƙanƙara ta hana shi fita. Wasu sun ce ba shi da lafiya ne. Su wa ke da gaskiya? In rashin lafiya ce, me ya kamata mu amsa masa?

Sai ta biyu. Ɗaya daga cikinmu yana kwance a asibiti, kuma zai rasa gwajin da za a yi mako mai zuwa. Za mu rubuta wa shugaban sashe takarda a madadinsa. Ya dace mu sa wannan zancen a ciki don Turancin ya yi armashi?

Malamin Turanci, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. 'Yan rukuni na biyu su ne da gaskiya, ƙanina. Zancen ba shi da alaƙa da hadari ko ƙanƙara. Mutumin yana gaya muku jikinsa ba daɗi, amma ba wani abin tayar da hankali ba ne: mura, ciwon kai, kasala, ɗan zazzaɓi, ko ciki ya ɗan ɓaci. Irin abin da mutum ke sa ran zai wartsake cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ai ka ga shi da kansa ya sa muku Alhamis, wato ya san kafin nan ya miƙe.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne nauyin zancen. "Under the weather" yana auna ciwo ne, ya ce mara nauyi ne, mai wucewa. Yana kuma rufe bakin tambaya: wanda ya faɗe shi bai so ya ambaci ainihin abin da ke damunsa. Don haka kada ku mayar masa da "What is wrong with you?" Ban da kutse cikin abin da bai buɗe ba, wannan jimlar a kunnen Bature tana iya fitowa kamar faɗa, kamar ka ce wa mutum "me ke damun kanka ne?" Layi biyu sun wadatar: "Sorry to hear that. Thursday is fine, and we hope you feel better soon." Kada ku tsaya a "Sorry" kaɗai da nufin sannu. Mu nan mun saba, amma shi zai ɗauka haƙuri kuke ba shi kan wani laifi da kuka yi. Haka ma "How is your body?" yaya jiki ce aka ɗauko aka sa mata rigar Turanci. Ranar Alhamis in kun haɗu, abin da za ku ce shi ne "How are you feeling?" ko "Are you feeling better?"

Game da ginin jimla, aikatau uku ne suka fi ɗaukarsa: be, feel da look. "I am under the weather." "She is feeling under the weather." "You look a bit under the weather." Akan ji seem ma. Kusan kullum ana sassauta shi da "a bit", "a little" ko "rather". Ba kasafai ake cewa "very under the weather" ba, kuma "seriously under the weather" yana cin karo da kansa, tunda zancen na ƙaramin ciwo ne. In ciwon ya kai a ce seriously, an wuce wurin wannan zancen, sai a ce "seriously ill".

Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a nan sanannu ne. Ana yar da "the", a rubuta "under weather", saboda Hausa ba ta tilasta irin wannan kalma a gaban suna yadda Turanci ke yi. Ana sauya "under" da "below" ko "in", ko a sa "climate" a madadin "weather" don a nuna an san manyan kalmomi. Duk ba su yi ba. Irin wannan zance a dunƙule yake, ba a cire masa ko ɓaure ɗaya. Ana kuma haɗa shi da have, a ce "I have under the weather", saboda an saba da "I have malaria". Shi ba sunan cuta ba ne, hali ne da mutum ke ciki. Sai babban tarko na rubutu: weather da whether. Furucinsu ɗaya ne a bakin yawancin Turawa, kuma dukansu kalmomi ne na gaskiya, don haka manhajar gyaran rubutu ta waya ba lallai ta ja maka jan layi ba. Na yanayi shi ne mai "ea".

Furuci kuwa, harafin "th" sau biyu ya fito, a "the" da tsakiyar "weather". Hausa ba ta da wannan sautin, shi ya sa mu a Arewa muke mayar da shi z, mu ce "anda za weza", 'yan Kudu kuma su mayar da shi d. Gyaran ba wuya: sa ƙarshen harshe tsakanin haƙoran gaba, kada ka cije, ka fitar da murya kamar za ka ce z. Ƙarfin murya yana kan gaɓar farko ta "weather". Ɗan Ingila ba ya furta r ɗin ƙarshe, ɗan Amurka yana furtawa, duka daidai ne.

Asalinsa, labarin da aka fi bayarwa na ma'aikatan jirgin ruwa ne: wanda teku ta juya wa ciki sai a tura shi ɗakin ƙasa na jirgi, inda iska da feshin ruwa ba sa samunsa. Zancen ya bazu a rubutun Turanci tun ƙarni na 19.

Tambayarka ta biyu amsarta a'a ce, kuma na ga akwai masu aikin ofis a nan da za su fi ni bayaninta.

Tsohon magatakarda, Kongo:

Malam ya gama magana kan ma'ana. Ni takardar zan taɓa, don a nan ne ake yin ɓarna.

Samari, kada ku kuskura ku rubuta wa shugaban sashe cewa abokinku "is under the weather". Matsala biyu ce. Ta farko, zance ne na hira da saƙon waya, ba na takardar ofis ba. Ta biyu ta fi muni: kun rage wa ciwon nauyi da hannunku. Wanda zai karanta takardar yana neman dalilin da zai sa a sake wa mutum ɗaya gwaji bayan an yi wa ɗaruruwa. Ku kuma kun rubuta masa, da Turancin da ya fahimta sarai, cewa ɗan mura ce. Mutum yana kwance ana ƙara masa ruwa, takardarsa tana cewa kasala yake ji. In aka ƙi, ba a zalunce ku ba.

Takardar uzuri abu biyar take ɗauka, ban da adireshi da kwanan wata. Kanu a sama wanda ke faɗin buƙatar kai tsaye, kamar "Absence from Test on Medical Grounds". Cikakken sunan ɗalibin da lambar rajistarsa da ajinsa. Ranar da aka kwantar da shi da sunan asibitin. Lambar kwas ɗin da ranar gwajin da zai rasa. Sai buƙatar kanta a jimla ɗaya, da ambaton cewa an haɗa takardar likita. Zuciyar takardar ba ta wuce haka ba: "He was admitted to hospital on Monday and is still receiving treatment. He will therefore be unable to sit the test. A medical report is attached." Ku lura na ce "was admitted". "He is on admission" namu ne na gida, kowa a nan zai gane, amma in takarda za ta fita waje a ce "he has been admitted" ko "he is in hospital".

Ba dole ba ne ku ambaci sunan cutar a takardarku. Wannan sirrin mara lafiya ne, likita zai rubuta abin da ya kamata a nasa rahoton. In an kwantar da shi a asibitin da ba na makaranta ba, ko na Shika ne ko na Ƙofar Gayan ko na Wusasa a nan Zariya, ku tambayi jami'in jarrabawa na sashenku ko ana buƙatar asibitin makaranta ya sa hatimi a kan rahoton. Ku miƙa takardar kafin ranar gwajin, ba bayanta ba. Ku yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ya ba ku. Takarda ta ɓata a ofis ba sabon abu ba ne, kuma wannan kwafin shi ne shaidarku.

Akwai kalmar "indisposed" da ma'aikatanmu ke matuƙar so. Ita ta ofis ce, ta dace da sanarwa: shugaba ba zai halarci taro ba domin "he is indisposed". Amma ita ma lulluɓi ce, ba ta faɗin nauyin ciwo, har ma tana iya nufin mutum bai da sukuni kawai. Tana da kyau wurin ba da uzurin rashin zuwa walima, ba ta da ƙarfi wurin neman a sake gwaji.

Ga ma'aikata, tunda na san akwai su a nan: saƙon waya ga maigidanka na ofis da kuka saba, "I'm feeling under the weather and won't be in today", ba laifi na kwana ɗaya. In abin ya zarce, sai takardar likita. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa idan rashin lafiya ce ta ɗan lokaci, amma da sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar. A Ingila kuwa ma'aikaci na iya ba da shaidar kansa har kwana 7 kafin a nemi takardar likita, wannan na cikin abin da ya sa suke jefa irin wannan zance a saƙo ba tare da wani dogon bayani ba.

Ma'aikaciyar jinya, Shika:

Sannunku da ƙoƙari, Malam da Baba magatakarda. Ƙarina ɗaya ne: wuri na biyu da ba a shiga da wannan zancen shi ne ɗakin likita.

Wanda ya zauna gaban likita ya ce "I'm under the weather" bai faɗi komai ba tukuna. Abin da ake son ji huɗu ne: me kake ji, a ina, tun yaushe, kuma me ka sha. "I have had a fever and a headache for three days. I took paracetamol last night." Wannan ya fi duk wani adon Turanci. In an auna zafin jiki a gida a faɗi lambar. Daga digiri 38 a ma'aunin Salsiyos zazzaɓi ne ba gardama. A ce "I am running a temperature", da "a" ɗin a ciki. "My body is hot" jikina da zafi ce aka juya.

Kalmar da ta fi rikita mutanenmu in sun je waje ko suna magana da likitan waje ita ce sick. A Amurka "I am sick" ba ni da lafiya ce kawai. A Ingila "I feel sick" tashin zuciya ne, "I was sick twice" kuma na yi amai sau biyu ne, ba na yi rashin lafiya sau biyu ba. In ana son a tsira daga ruɗani a ce ill ko unwell don rashin lafiya, a ce vomit don amai. Haka "catarrh" da muke kira mura, su "a cold" suke cewa, ko "a runny nose" in hanci ke zuba. "Purging" da "stooling" a ce "diarrhoea". "Drugs" a asibiti daidai ne, amma a hira da Bature ka ce "I am taking drugs" zai ɗauka ƙwaya kake sha, don haka "medicine" ko "medication".

Wani abu kuma da ya shafe mu nan Zariya. A ƙasashen Turawa masu wannan zancen, ɗan zazzaɓi da kasala galibi mura ce, a sha shayi a kwanta. A nan, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da sauro ya yi yawa, abin da ya fara da mutuwar jiki da ciwon gaɓoɓi yana iya zama zazzaɓin cizon sauro. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa minti 15 zuwa 20 ne. Zazzaɓin da ya kwana biyu bai sauka ba a je a gwada, kada a zauna ana kiransa da sunan ƙaramin ciwo. Ƙaramin yaro da mai juna biyu ba a jira da su ko kwana ɗaya. Lokacin zafi kuma, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya alamun sanƙarau ne, asibiti ake nufa a take.

Allah ya ba abokinku lafiya.

Mai fassara, Sabon Gari:

Amin, Hajiya. Ina da ja kaɗan da Malam, da kuma gargaɗi guda da ba a ambata ba.

Labarin jirgin ruwan nan ana yawan ba da shi, yana da daɗin ji, amma ni ba na son a koya wa ɗalibi shi da farko. Da zarar ya ji iska da teku sai ya koma neman yanayi a cikin zancen, ya fara cewa hunturu ya sa shi "under the weather", yana nufin ƙura ta dame shi ko sanyi ya hana shi wanka da asuba. Ana iya faɗinsa rana tsaka a watan Afrilu, ana iya faɗinsa cikin hazon Disamba. Sharaɗin kawai jikin mutum ya kasance ba daɗi. In hazo ne ya kawo mura, to murar ce ta sa ya cancanci zancen, ba hazon ba.

Wurin fassara shi zuwa Hausa, mafi kusa su ne "jikina ba daɗi", "ba na ɗan jin daɗin jikina", ko "jikin ne ya ɗan motsa". Wannan "ɗan" namu shi ne ke yin aikin "a bit" nasu. "Ba shi da lafiya" ya fi shi faɗi, don yana ɗaukar mai mura da wanda ke kwance rai a hannun Allah. "Yana jin jiki" da "jiki ya yi tsanani" sun yi masa nauyi da yawa.

Inda muke faɗawa rami shi ne al'adar "da sauƙi". Bahaushe ko an kwantar da mahaifinsa ba ya iya ɗaga kai, in ka tambaya zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Kai mai tambaya ka san wannan ladabi ne da tawakkali, sai ka karanci fuska da murya, ka shirya zuwa dubiya. To sai ɗanmu ya ɗauki wannan tausasawar ya zuba ta a Turanci, ya rubuta wa abokin aikinsa na waje "my father is under the weather". Shi kuwa ba zai karanci komai a bayan kalmar ba. Zai ce "hope he feels better soon", ya ci gaba da tambayar ina aikin da aka yi alkawari. Daga baya a ce Bature ba shi da tausayi, alhali abin da aka gaya masa ke nan. In kana son a ɗaga maka ƙafa saboda jinyar mahaifi, ka ce "my father is seriously ill and I am looking after him in hospital". Faɗin haka bai saɓa wa tawakkali ba.

Gargaɗin kuwa shi ne, a wasu wuraren ana amfani da zancen a matsayin sakaya ga wanda ya sha giya jiya da dare ya tashi da ciwon kai. Ba ita ce ma'anarsa ta farko ba, kuma ba wanda zai zarge ka da haka don ka faɗe shi game da kanka. Amma in ka ji an ce wani "was a little under the weather after the party" ana murmushi, ka san inda aka dosa. Saboda haka ka kiyaye faɗinsa a kan wani babba washegarin biki.

'Yan uwansa kuma kowanne da inda ya karkata. "Run down" gajiya ce da ta taru, irin ta mai karatun jarrabawa da ba ya barci. "Coming down with something" ciwo ne ke tahowa bai gama bayyana ba. "Out of sorts" ya haɗa jiki da rai, mutum ba ya jin daɗi kuma abu kaɗan ke ɓata masa rai. "Off colour" a Ingila daidai yake da namu na yau, amma a Amurka ana faɗinsa ne ga barkwanci na batsa, don haka a bar shi in ba a san da wa ake magana ba. In an fara samun sauƙi "on the mend", in an miƙe "back on my feet". Biyu kuma suna kama da shi a ido amma ba ruwansu da ciwo: "under a cloud" wanda ake zargi ne, "snowed under" wanda aiki ya yi wa yawa.

Ɗan Samaru:

Allah ya saka da alheri, mun aika wa malamin amsa yadda Malam ya tsara, takardar ma mun cire zancen. Saura ɗaya: ƙanwata za ta rubuta WAEC bana. Za ta iya sa shi a insha'i?

Malamin Turanci, Tudun Wada:

Ya danganta da tambayar da ta zaɓa. In wasiƙa ce ga ƙawa ko ɗan'uwa, ko labari ne da mutane ke magana a ciki, ta sa shi sau ɗaya a inda ya zauna daidai, zai taimaka mata a makin iya sarrafa harshe, wanda shi ne kaso mafi tsoka: 20 cikin 50 na insha'in. In wasiƙa ce ga shugaban makaranta, kwamishina ko editan jarida, ta bar shi, ta rubuta ill ko unwell. Ta kuma duba rubutun weather da kyau, don kuskuren harafi ana cire masa rabin maki a ɓangaren ƙa'idojin rubutu.

A tambayoyin zaɓi na WAEC da NECO da JAMB kuwa, inda ake ba da jimla a ce a zaɓi ma'anarta, in wannan zancen ya fito za ta tarar da zaɓi ɗaya da ke maganar ruwan sama ko sanyi. An sa shi ne don masu fassara kalma da kalma, ta tsallake shi. In aka bar ta da biyu, ɗaya na cewa "very ill" ɗaya na cewa "slightly ill", ta ɗauki na biyun.